Jitar Ƙanena a Gaban Sarkin Kiɗa

Mun tashi da asuba daga Jega, ni da ƙanena da jitarsa ta lantarki. Shekara shida yana fama da kiɗan nan da ake kira rok, Baba kuwa ya gaji. Ya ce a kai shi gaban amininsa, wani tsohon Sarkin Kiɗa a ƙauye bayan Maiyama. In tsoho ya ce kiɗa ne, ya ci gaba. In ya ce hayaniya ce, a rataye jita har abada.

Mun biya Aliero aron lasifika da batir. Albasa ta yi araha, har ƙarƙashin kujerar mota buhuna ne, muka yi ta hawaye ba mutuwa. A tashar Maiyama na cika cikina da ƙosai da kunu. Na tsokani ƙanena, wai mene ne rok ɗin ma? Ya ce ganga mai nauyi, jita mai kuka, da mawaƙin da ba ya kunyar buɗe murya. Na ce ashe jakin maƙwabcinmu ya kusa zama gwani.

Muna isa, zumuɗi ya sa ƙanena ya jona waya ya kaɗa tsirkiya tun ba mu gaisa ba. Subhanallahi! Kaji suka watse. Ga shi baƙon makaɗi ba ya taɓa kiɗa a garin wani sai ya miƙa goro an ba shi izini. Tsoho ya juya mana baya.

Na durƙusa na miƙa goro, ina ba da haƙuri. Sai tsoho ya juyo ya dubi ƙanena.

"Ba ka da ladabi. Amma sake wanga da kay yi, in jiya."

Ƙanena ya sake kaɗawa. Can tsoho ya sa aka ɗauko masa gangar noma, ya shiga dukanta, jita na biye da shi. Masu dawowa daga fadama suka ajiye fartanya suka hau rawa.

"Kiɗin da ka tada gajiyayye tsaye, kiɗi na," in ji tsoho. "Hwaɗa ma babanka. Kuma ka koyi gaisuwa."

Da la'asar muka dawo gida, raina fes. Na tafi neman hukunci, na dawo da sanin cewa gwanin rok ɗin da ya fi kowa a idona shi ne tsohon nan da bai taɓa jin sunan kiɗan ba.

Baba ya saurari saƙo.

"Ganga yat taɓa? Tun rasuwar ɗanai bai koma ɗaukar ta ba." Ya gyara zama. "Jona abin ga, in jiya."