Kantar Hannun Maigida

Shekarar da na haifi 'yar fari, wata ma'aikata a Azare ta nemi masu gadi da masu shara. Maigidana ya nema. Damina ba ta yi ba a gonarsa ta Disina, geronmu ya kusa ƙarewa, ga ni da goyo.

A wurin niƙa kullum sai gardama. Wasu su ce a ba 'yan kudancin jiha aikin, tunda ba su da yawa a ma'aikatar. Wasu su ce a ba talaka, ko daga ina ya fito. Maƙwabciyarmu, ma'aikaciyar jinya Kirista daga kudancin Bauchi da muke kira Mama, ɗanta ma ya nema. Takan ce, "Mu ƙalilan ne, ana mance mu."

Ni kuwa hannun Maigida ne ya hana ni sukuni. Kanta ce kamar ɓawon itace. Na ce manya za su raina shi. Na jiƙa hannun a ruwan ɗumi, na goge da dutsen kaushi, na shafe da man kaɗanya. Yana dariya: "Ke, lalle kawai ya rage ki sa mini."

Ranar ganawa, bayan ya fita, Mama ta leƙo. Ta ce, "Shugaban ma'aikatar nan ba ya yawan tambaya. Musafaha yake yi da kowa, ya riƙe hannun, yana neman wanda fartanya ta ci."

Na gaya mata abin da na yi. Ta yi dariya har ta zauna kan turmi. "'Yar nan, ai shaidarsa kika goge!"

Bayan azahar Maigida ya dawo. Ya ce, "Shugaban ya matsa tafina, ya ce, 'Malam, mai a sama, fartanya a ƙasa.'" An ɗauke shi, tare da wani manomin acca daga ƙauyen su Mama. Ba a ɗauki ɗan Mama ba, haka ma ɗan wani Alhaji a layinmu da shi ma ya nema.

Mama ta ɗan ɗauke ƙafa daga gidanmu. Wata rana sai ga ta da kwanon gwate. Ta ce, "Ya yi mini ciwo. Amma nawa bai taɓa kwana da yunwa ba."

Da ta fita, na kama hannun Maigida, na buɗe tafin, na daɗe ina kallo. Kantar tana nan, ko gezau.