Malam Haliru da Kwalbar Mai Ganye

A tsohuwar kasuwar Gusau, bayan layin masu atamfa, akwai wata rumfa da faɗinta bai wuce tabarma biyu ba. Nan Malam Haliru mai turare yake zama, shekara arba'in da ɗoriya ke nan. Mutumin Bungudu ne, ɗan manomi. Mahaifinsa yana da 'yar fadama a bakin gulbi mai itatuwan lemun tsami guda bakwai, kuma tun Haliru yana ƙarami aka lura da hancinsa: daga zaure yake faɗin miya ta kama, kafin mai girkin ta ji. Yana shekara goma sha shida kawunsa ya kawo shi Gusau, ya damƙa shi ga wani mai sayar da turare. Bai yi boko ba, ba ya iya karanta rubutun jikin kwalba. Amma ka buɗe masa murfi, zai gaya maka ko na asali ne ko an sirka shi.

Yana da ƙa'idojinsa. Ba ya cin ɗanyar albasa ranar kasuwa. Ba ya sansana turare fiye da uku a jere sai ya huta, ya murje ganyen lemu tsakanin yatsunsa ya shaƙa. Duk Asabar ƙanensa yakan aiko masa da ganyen daga fadamar gida. Maƙwabcinsa Dogo tela, wanda suke tsokanar juna tun suna samari, yana kiransa "Hancin Gwamnati".

Wata Laraba cikin bazara, gab da azahar, wata dattijuwa ta tsaya bakin rumfar ta yi sallama. Ta ce sunanta Hafsatu, malamar sakandare ce a Tsafe, ta yi ritaya.

"Malam, an ce kai kaɗai ka rage wanda zai san wanga," in ji ta. Ta kwance bakin wani hankici, ta fito da wata koriyar kwalba shafaffiya. Takardar jikinta ta koɗe, sai zanen ganye ɗaya da ake iya gani. Abin da ya rage a ciki bai fi faɗin yatsa ba.

"Ikon Allah! Mai Ganye!" Malam Haliru ya karɓa da hannu biyu. "Dogo, leƙo ka ga tsohon ubangidanka."

Dogo ya leƙo da almakashi a hannu. "Ubangidanka dai. Ni ina na ga ta shafa shi? Sai akawuna."

Gaskiya ya faɗa. Lokacin da Haliru yake koyon sana'a, a jirgin ƙasa ake kawo wannan turare, kuma masu sayensa akawuna ne da malaman asibiti da ma'aikatan tasha. Ba irin turaren da ke riga mai shi shiga ɗaki ba ne. Idan aka shafa, farko yakan buɗe da lemun tsami, kamar an yanka shi yanzu. Sai lemun ya ja baya, wani kore ya biyo, irin na ɗanyen reshe da aka karya, da ɗan ɗaci-ɗaci. Daga ƙarshe ya kwanta ya zama sanyi, kamar gindin randa. A zafin Gusau, mutum yakan ji kamar yanzu ya fito wanka. Sama da shekara talatin ke nan da aka daina kawo shi.

"Na mahaifina ne," in ji Malama Hafsatu. "Da ya rasu, ɗana Yazid ya tarar da kwalba biyu cikin akwatinsa. Shi ya riƙa shafawa, ranar Juma'a kaɗai, har ɗaya ta ƙare, wagga ta rage. Abokansa na yi mishi dariya, wai yana ƙamshin kakanni." Ta ninke hankicin. "Yazid malamin gona ne. Sikila gare shi. Wata goma sha huɗu ke nan da rasuwarsa, yana da shekara ashirin da bakwai."

Suka yi mata ta'aziyya. Dogo ya koma kan kekensa, amma bai taka ba.

"Tufafinsa ni na ɓata su da hannuna," ta ci gaba, muryarta daidai kamar tana gaban allo. "Duk mako sai in ɗora su bisa kabbasa in turara, don kada su yi warin ajiya. Yanzu ba su ƙamshin kowa sai na ɗakina. Ban damu ba, tunda ga kwalba. Makon jiya na buɗe ta, karo na farko. Malam, ba shi na ji ba. Wani abu na ji mai tsami, kamar fenti. To ko dai haka yake tun asali, ni ce na mance? Muryarsa tana cikin waya, fuskarsa tana hoto. Wanga kaɗai ne ba ni da wurin ajiye shi sai kaina. In na mance cikin shekara guda, mi zai rage mini nan da biyar?"

Malam Haliru ya binne 'ya'ya biyu, tun suna goye, shekaru masu yawa da suka wuce. Bai faɗa mata ba. Ya buɗe murfin, ya kai hanci daga nesa, ya rufe.

"Ina kika ajiye ta, Malama?"

"Bisa kabad, kusa da hotonsa."

"Akwai taga wurin?"

"Akwai. Hantsi na shigowa."

Ya girgiza kai. "Kin shafa?"

"In shafa? Ɗigo nawa ya rage?"

"To nan ne. Mai turare ba ya yanke hukunci a bakin kwalba. Lemu ba ya son rana, shi yake fara mutuwa, kuma shi ke tare bakin ƙofa. Abin da kika ji gawar lemu ce. Sauran suna bayansa, amma ba su fitowa sai kan fata, sai da ɗumin jiki, sai kuma an jira." Ya dube ta. "Ba zan ɓoye miki ba. In rana ta ci har gindi, ɗigon ya tafi a banza, kuma ba za ki ji kome ba. Ni ban sani ba sai an gwada."

Ta dubi kwalbar. Sannan ta miƙa hannu. Ya tsoma tsinke mai auduga sau ɗaya, ya ba ta, ta goga a bayan hannunta na hagu. Warin fentin ya tashi, har ta kau da kai.

"Kada ki sansana yanzu. Kuma kada ki yi alwala tukuna, ki wanke mini aiki."

"Na yi tawa gidan ƙanwata a Tudun Wada," in ji ta.

Ladan ya kira salla. Malam Haliru ya tura mata kujerarsa cikin inuwa, suka tafi masallaci shi da Dogo. A hanya Dogo ya ce, "Kai, Hancin Gwamnati, in bai fito ba hwa?"

"Sai in gaya mata bai fito ba."

"Ka ce mata ya fito mana. Wa zai sani?"

"Ita."

A sahu Malam Haliru ya kama kansa yana tunanin taga da hantsi, ya yi istigfari. Da aka sallame bai tsaya gaisawa da kowa ba.

Tun kafin ya kai bakin rumfar ya ji shi, siriri, a ƙarƙashin warin sabuwar atamfa da hayaƙin babura: ɗanyen reshe, da sanyin gindin randa. Malama Hafsatu tana zaune inda ya bar ta, hannunta a cinya, ta kau da fuska gefe. Ba ta sansana ba. Tsoro take ji.

"Bismilla, Malama."

Ta ɗaga hannun a hankali. Ta shaƙa sau ɗaya, ta rufe ido. Kafaɗunta da suke a ɗage tun zuwanta suka sauka.

"Shi ne," in ji ta. "Bayan ya dawo masallaci, in ya zauna cin abinci. Shi ne. Ashe ban mance ba."

"Da kin mance, da fentin bai dame ki ba." Ya zaro ganyen lemu ɗaya daga leda. "Murje wanga kusa da wurin. Shi ne abin da rana ta cinye."

Ta murje, ta shaƙa, sai dariya ta kuɓuce mata tare da hawaye. "Wanga kuma kafin ya tafi masallacin ne. Ya makara, yana ta neman makullin babur, alhali yana aljihunsa."

Ta tambaya ko zai iya haɗa mata irinsa. Ya ce zai iya haɗa mai kama da shi, amma ba zai yi ba, don bayan wata biyu hancinta zai riƙe na bogin ya saki na gaske. Ya naɗe kwalbar cikin baƙin ƙyalle da Dogo ya yanko, ya ce ta sa ta cikin tukunyar ƙasa mai murfi, a kusurwar da rana ba ta kaiwa. Ɗigo ɗaya ƙaramar salla, ɗaya babba, zai kai ta shekaru. Ya zuba mata rabin ganyensa a hankicin.

"In ya bushe fa?"

"Tsafe ba a rasa icen lemu. In an rasa, ki aiko, Bungudu akwai bakwai."

Ta yi godiya ta nufi tasha, hannun hagu a ɗage kaɗan kada mayafi ya goge shi. Malam Haliru ya ɗauki tsinken audugar da ta bari, ya miƙa wa Dogo.

"Ungo. Yau dai ka zama akawu."