Ƙahon Woɗe

Ni dai Allah Ya haɗa ni da miji wanda ba ya shan taba, ba ya caca, ba ya yawon banza, amma in ya ga ƙahon saniya sai hankalinsa ya gushe. Mutanen Sabon Birni suna kiransa Na'Allah mai gyaran keke, ni kuwa Malam nake ce masa. Keke ne sana'arsa, gona ke ci da mu, wuƙa kuwa ciwo ce da ban samo masa maganinta ba har ya koma ga Mahaliccinsa.

'Yan wuƙaƙen nan ne na aljihu masu ninkewa, waɗanda fatake ke shigowa da su daga Maraɗi ta Burkusuma. Arha gare su kamar a ce ɗauki kyauta, kuma ƙotarsu ta roba ce, kwana kaɗan ta tsage. Ranar kasuwar garin Isa sai Malam ya hau keke ya sayo ɗaya, ya dawo ya ɓare ƙotar ya yar. Sannan ya tsaga ƙaho da zarto, ya gasa shi har ya yi taushi, ya danne shi ƙarƙashin turmina don ya miƙe. Turmina fa! Sau nawa na tashi daka na tarar an jibga masa duwatsu an ce kada in taɓa. Warin ƙonannen ƙaho kuwa, tun maƙwabta na leƙowa su ga ko gobara ce har sunka gaji. In ƙahon ya miƙe sai ya goge shi da magagari, ya huda, ya ɗaure shi jikin ƙarfen da guntun wayar ƙafar keke, ya murza da toka da man shanu har ya ɗauki ido. Tsakani da Allah abin yana yin kyau, amma ban taɓa gaya masa ba don kada kansa ya kumbura.

Abin da ya fi ƙona mini rai, ba ya sayarwa. In anka yi haihuwa ya kai wa uban jariri ɗaya, in baƙo ya yaba ya tura masa a aljihu. Waɗanda sunka fi shiga ransa kuwa ya jera su cikin wata tsohuwar adaka, ranar Juma'a ya fito da su ya shafa musu mai kamar jarirai.

Yana da aboki Bafillace, Labbo, mai ruga a hanyar Gatawa. Cikin shanun Labbo akwai wata jar saniya da ake kira Woɗe, jikanyar saniyar da ubansa ya bar masa. Ƙahonta dogo ne, fari tas, bakinsa baƙi wuluk. Tun ranar da Malam ya ɗora ido a kan ƙahon nan ya rasa sukuni. Ya zaɓi wuƙar da ta fi kowace kaifi, ya tuɓe mata roba, ya naɗe ta cikin ƙyalle ya aje, ya ce wannan ta Woɗe ce. Duk haɗuwarsu gaisuwar ke nan.

"Labbo, yaushe saniyarga za ta mutu? Ƙotata na can bisa kanta tana shan rana."

"Kai Kaɗo, ji tsoron Allah! Kai za ka riga ta, ni kau in gaji keken."

Sai su bushe da dariya, a dama musu fura.

Ana nan sai ga farin nan na tamanin da huɗu. Gero ya fito ya tsaya iya gwiwa ya ƙone, gulbi ya koma rairayi, munka koma cin garin kwaki da a da ko kallonsa ba mu yi. Shanu sunka dinga faɗuwa a bakin hanya. Ƙaho kuwa ya zama banza, ko'ina ka taka shi ne. Na ce wa Malam, "To, kakarka ta yanke saƙa." Bai yi dariya ba. Duk shekarar bai tsinci ƙaho ko ɗaya ba.

Ɗiyan Labbo sunka kora shanun da ke da sauran ƙarfi zuwa kudu. Waɗanda anka bari sunka ƙare ɗaya bayan ɗaya, sai Woɗe kaɗai, ita ma ƙashi da fata. Wata safiya Labbo ya yi sallama, ya ƙi zama, ya ƙi shan ruwa. Ina jin su daga madafa.

"Aboki, gobe mahauci za shi zo, tun tana da sauran numfashi. Ka taho da zartonka ka ɗauki abinka."

Washegari Malam ya saɓa zarto ya tafi. Ni har na kawar da turmi gefe, na san za a nema. La'asar sakaliya sai na ji hayaniya a ƙofar gida. In fito, me zan gani? Ƙarti huɗu sun tallabo saniya tana tangaɗi, Labbo na riƙe da wutsiya, Malam na gaba da zarto a hammata.

Na ce, "Malam, ina ƙahon?"

"Ga shi nan na kawo, Laraba. Saniyar ce ta ƙi saki."

"Wane irin zance ne wanga? Mu da ba mu ƙoshi ba, mi za mu ba ta?"

Sai ya gyara tsayuwa, ya ɗaure fuska irin ta masu sana'a. "Ke ba ki san ƙaho ba. Na saniyar da yunwa ta kashe ba shi da mai, ana sa mashi wuta shi tsage. Sai ta yi ƙiba tukuna."

Ƙarya ce, kowa a wurin ya san ƙarya ce. Daga baya Malam ya gaya mini abin da ya tarar a ruga. Mahauci na wasa wuƙa, Labbo ya zagaya bayan bukka ya zauna ya rufe fuska da malfa. Shi ya sa ya sallami mahaucin. Malam ya ce mini, "Laraba, in saniyar nan ta tafi, ba abin da zai ƙara tayar da mutumin nan da safe."

Ai kuwa na ga ta kaina. Malam da furfurarsa ya koma hawan gawo yana kakkaɓo 'ya'ya. Bunun madafata ya yaye ya zuba mata, ina tuƙa tuwo rana na dukan ƙeyata. Na yi faɗa har muryata ta dushe. Sannan adakar nan ta fara yin sauƙi. Wuƙa mai baƙar ƙota ta tafi wajen wani mai fadama, damin harawa ya shigo. Mai zanen jan ƙarfe ta bi wani direban Isa, anka sauke mana angurya. Mutumin da ko taɓa su ba ya bari a yi, shi ne yake miƙa su yana dariya, ya shigo ɗaki ya zauna gaban adakar. Ranar da na buɗe adakar na ga ba kome sai mai ƙyallen nan tsirara, wallahi tausayinsa ya kama ni har na yi hawaye.

Kullum da safe sai an zura wa Woɗe itace ƙarƙashin ciki an ɗaga ta, don ba ta iya tashi da kanta. Malam na nishi yana cewa, "Tashi, 'yar nema, kada ki lalata mini ƙota." Ni ma da bakin nawa, in na wanke ɗan hatsin da munka samu, ƙasarin gabanta nake kaiwa. Labbo ya kama ni rannan. Na ce, "Kada ka dube ni, so nake ta yi ƙiba a yanka in huta." Ya ce, "Na sani, uwar gida, duk gidanku haka kuke."

Gab da faɗuwar damina, munka fito da itace kamar kullum sai munka tarar da ita tsaye, tana cin zanen da na shanya. Malam ya yi ta rawa a tsakar gida, ni kuwa na rasa kukan zane zan yi ko guɗa. Guɗar na yi.

Woɗe ta koma ruga da ƙafafunta. Ta haihu, ɗiyanta sunka haihu, garken Labbo ya tashi daga gare ta. Nono kuwa bai ƙara yankewa a gidanmu ba. Malam ya koma sayen wuƙaƙensa, turmina ya koma bauta, gaisuwarsu da Labbo ma ta koma yadda take.

Sai da ta tsufa tukuf, haƙora sunka zube, sannan Labbo ya sa anka yanka ta. Da kansa ya kawo ƙahon, naɗe cikin sabuwar fata, ya aje gaban Malam ya ce, "Kaɗo, alkawari ya cika. Ta yi ƙiba, ba ka da sauran hujja."

Malam ya ɗauko wuƙar ƙyalle, ya ɗauko zarto. Ya juya ƙahon nan, ya shafa shi tun daga gindi har baƙin bakinsa, ya ɗora zarto, ya ɗauke. Ina kallo idonsa ya cika.

Ya ce, "Labbo, ashe bisa kanta ya fi kyau."

Ƙahon yana nan rataye a ɗakina, ba a taɓa shi ba. Wuƙar kuwa da ita nake yanka kuɓewa, ƙarfe tsirara, kullum sai ta ci mini tafin hannu. Jikokina sun sha cewa in kawo a yi mata ƙota, nakan ce su bar mini abata haka nan.