Sandar Sabulun da Ta Tsallaka Teku

Ko da tsufa zai kwashe min komai, ba zan manta ranar da na miƙe tsaye a taron iyaye na makarantar 'yata ba, ni da ko kasuwar Nima sai dole ke fitar da ni.

'Yata ta biyu malamar lissafi ce a wata firamare a unguwar Maamobi. Shekarun baya ta shiga wata ƙungiyar malamai ta waya. Akwai na Kenya, akwai na Indiya, da wata Baturiya mai yawan dariya. Duk Asabar sai su haɗu a bidiyo, ni kuma ina bakin murhu ina saurare. Turancina bai wuce na cefane ba, amma kunnena ba ya zubar da abin da ya ɗauka. Shawarar da suka yanke ita ce a juya karatu: malama ta ɗauki darasi a waya, yara su kalla a gida, in sun zo aji a zauna a yi aikin tare.

Darasin farko na Baturiyar ne, tana yanka wata gurasa mai faɗi tana koyar da rabi da kwata, 'yata ta ɗora fassarar Hausa a kai. Yara suka kalla, ba abin da suka ƙaru da shi sai yunwa. Nan fa surutu ya tashi a unguwa, wai Madam, wato 'yata, ta bar wa waya aikinta. Hedimasta ya ce za a tara iyaye ƙarshen zangon karatu, in suka ƙi tsarin, za a karɓe mata ajin. Ranar ko tuwo ba ta taɓa ba.

Na ce, "Ke, wa ya taɓa ganin wannan gurasa a nan Zango? Miƙo min sandar sabulun can." Na sa wuƙa na raba biyu, na sake rabawa, ina ta zuba kamar yadda na saba, ga rabi, ga kwata.

Ta yi tsalle. "Mma, sake yi! Kar ki canja komai."

Na ce fuskata dai ba za ta shiga waya ba, sai ta ɗauki hannuna kawai. Ta tura wa abokan aikinta. Baturiyar ta ce a gajarta, a rufe da tambaya, aka gyara. Na Kenya ya yi nasa da rake. Daga nan kowane mako hannuna na cikin darasi, yau sabulu, gobe awon shinkafa.

Ranar taro aji ya cika. Wani Alhaji mai shagon taya a unguwar Circle ya miƙe ya gyara babbar riga. "A zamaninmu malam yana tsaye da allinsa. Yanzu mu haifi yara, waya ta koya musu? Me aka taɓa koya a waya?" Maza suna ta gyaɗa kai. Ban san lokacin da na tashi ba.

Na zaro sabulu daga jaka. "Alhaji, gafara dai. An yanka wannan gida takwas, an yi wanki da shida. Kashi nawa na sandar ya rage?"

Ya yi murmushi. "Haba Hajiya, ni ɗan aji huɗu ne?"

Sai wata murya daga baya ta ce, "Kwata ne!" Wata ta karɓe, "Biyu cikin takwas, ɗaya cikin huɗu, duk ɗaya!" Mata suka kwashe da dariya. Ashe wayoyin da yara ke kallon darasi na iyayensu mata ne, suna girki suna ji, kamar ni.

Alhaji ya waiga, ya ga mai muryar farko matarsa ce. "Ke kuma a ina kika koya?"

Ta ce, "A kicin ɗinka, Alhaji."

Har hedimasta sai da ya share hawayen dariya. Aka buɗe wa iyaye littattafan yara suka gani da idonsu, aka bar wa 'yata ajinta. A hanyar gida ta riƙe hannuna kamar tana ƙarama.

Tun ranar na gane ilimi in ya shigo gida ba ya tambayar wa aka aiko shi wa, duk mai kunne yana samun rabonsa. Kuma ban ƙara raina abin da na iya ba, tunda wuƙar kicin ɗina ta yi koyarwa a ƙasashen da ban taɓa takawa ba.