Baƙin Man Gidan Bulo

Jiya a gidan bulo a Minjibir na tarar da wani dattijo yana shafa wa ƙarfen buga bulo baƙin mai da tsumma, don kada siminti ya manne.

Warin ya tsayar da ni cak. Sana'ar marigayi Babanmu ke nan. Muna yara har gudun cin tuwo da shi muke yi saboda warin hannunsa.

Dattijon ya ce, "Alhaji, matsa baya, kar ya ɓata maka shadda."

Na ce, "Bar shi, Baba. Da wannan man aka raine ni."

Ya dube ni, ya miƙo hannu bai goge ba. Na riƙe da hannu biyu.

Allah ya jiƙan iyayenmu. Ku fa, wace sana'a ce ta raine ku?