Ranar da Aka Tsallake Sunan Yaya Audu

Ina tsaye a ƙofar gidan yari a Minna da kwanon tuwo aka fara kiran sunaye. Ba a daɗe da gama yaƙin basasa ba. Ɗakuna sun cika har ana kwanciya bi da bi, sai aka sassauta doka: duk mai ƙaramin laifi da ya ci rabin wa'adinsa a sake shi.

Yayana Audu, birkila ne a Tudun Wada, watansa goma sha huɗu a tsare kan faɗa a tashar jirgi. Na saurara har ƙarshe, ba sunansa.

Na ce wa ganduroba, "Ranka ya daɗe, an tsallake yayana."

Ya ce, "Wata nawa aka yanke masa?"

"Ba a kai shi gaban alƙali ba tukuna."

"To samari, rabin me zan lissafa?"

Da aka bar ni na ga Audu, sai ya ce, "Je ka roƙa a kai ni kotu, zan amsa laifin."

"Yaya, ai kai aka fara duka."

"Na sani. Wanda ya doke ni wata shida aka ba shi, yana gida tun damina. Ni dai a ba ni ranar da zan ƙirga."

Wata uku ina zarya zuwa kotu. Ranar da aka sa masa ta zo bayan mun binne shi da mako guda. Tari ne ya kama shi a ciki.

Jama'a, da ku ne Audu, za ku amsa laifin?