Saran Baba Ɗanmusa a Jikin Kanya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 16 ga Afrilu, 2013, bayan sallar Azahar, Lauwali ya kira ni a waya ya shaida mini Allah Ya yi wa mahaifinsa rasuwa, wato Baba Ɗanmusa, Sarkin Ruwan Tungar Giyayya. Kwana huɗu ya yi yana fama da zazzaɓi. Na hau babur daga Bagudo, amma kafin in isa bakin Kwara an riga an kai shi makwancinsa.

Baba, ni safiyo ne, awon ƙasa na iya, ban iya tsara yabo ba. Abin da na gani shi zan faɗa, har da wautar da na tafka.

Shekara uku ke nan da aka turo ni in shata wuraren da za a keɓe a yankinku, dab da iyakar Benin, wadda kake kira Dahome. Taswira biyu aka ce in zana. Ɗaya ta masu dashen itace ce, waɗanda ke son a rage zafi da zaizayar ƙasa. Su tudu suka zaɓa, a jera dogon yaro. Ɗayar ta masu kare namun daji da na ruwa ce, su kuma gurbin da ayu ke zama kaɗai suke so. Ofis biyu, ba mai leƙa takardar wani. Na yi awona a watan Mayu, fadama ta bushe ƙarau, na kafa turakun siminti a bakin ruwan da na tarar. Kurmin giyayya da ke tsakanin gurbin da tudun na bar shi waje. Abin da ya faɗa waje kuwa, masu gawayi da masu neman filin shinkafa jira kawai suke a sa hannu su shiga da gatari.

Kana zaune kana ɗinkin taru, kana kallona har na gama. Sannan ka ce, "Malam Safiyo, wanga turke naka, da damana jirgina bisa kainai shika wucewa." Na yi dariya, na nuna maka na'urata. Ka ce, "Ita yau taz zo. Ruwa ya daɗe nan."

Sau uku ka tako har ofishina, kowane zuwa da ƙunshin bandar kifin da ban cancanta ba. Sau uku ina ce maka a dawo. Wallahi wannan yana ci mini rai. Bayaninka bai taɓa sauyawa ba: idan ruwa ya cika, kurmin ne ke karya ƙarfinsa kafin ya kai gidaje, cikin saiwoyinsa kifi ke zuba ƙwai, ciyawar gindinsa ayu ke ci, da rani kuma ita ke riƙe shanun makiyaya. Ashe abin da ofis biyu ke nema wuri ɗaya yake, kuma shi na bari waje.

Ba da baki kaɗai kake tsaron ruwa ba. Wata uku a kowace shekara kake rufe gurbin, ba mai jefa ko ƙugiya, kamar yadda ka gada. Da Lauwali ya saci jiki ya shiga, tarunsa ka fara ƙwacewa a gaban jama'a. Kakan tsallaka wajen masuntan da ke hayin iyaka, ku yi shawara da yarensu na Dandanci ku rufe rana ɗaya, don a cewarka kifi bai san Dahome ba. A ambaliyar bara kwana uku ka yi kana kwasar mata da yara da awaki zuwa tudu, kana musu barkwanci don kada su firgita. Tungar da ke ƙasanku, wadda ta sare kurminta tuni, gidaje kaɗan suka tsira. Taku ta jiƙe, amma tana tsaye. Jiki magayi, daga nan na daina ce maka a dawo.

A watan Maris ɗin nan ka kai ni gindin tsohuwar kanyar da ke tsakiyar kurmin. Jikinta duk sara ne. Kowace shekara, ranar da ruwa ya kai ƙarshen cikarsa, kakan zo da jirgi ka sara da gizago daidai bakin ruwan, yadda mahaifinka ya yi. Kowane sara da sunansa: na shekarar haihuwar Lauwali, na shekarar fara, na shekarar da Shari'a ta dawo. Tsofaffin suna kusa da juna, duk cikin kamu biyu. Na shekarun nan kuwa sun watse, wani a gwiwa, wani ya wuce kai. Abin da muke taro a kansa da manyan kalmomi, kai ka rubuta shi a itace.

Na koma na haɗe taswirorin biyu suka zama ɗaya, da kurmin a tsakiya. Kwamitin da zai amince da taswirorin ya ce maganar tsohon masunci ba hujja ba ce, kuma ranar 23 ga Afrilu za a sa hannu a kan tsofaffin. Muka shirya za ka zo ka yi musu bayani da kanka. Saura mako ɗaya Allah Ya karɓi abinsa.

Ranar zaman ta zo daidai da addu'ar bakwai. Na ce wa shugaban kwamiti bai dace mu zauna kan ruwan mutum ba alhali ba mu je gaisuwarsa ba. Musulmi ba ya ƙin ta'aziyya, sai duka muka tafi. Da aka shafa, matarka Inna Dela ta ɗaga murya daga bayan zana ta ce, "Lauwali, kai baƙi su ga kanya kamin su tai." Lauwali ya bi saran ɗaya bayan ɗaya yana faɗin sunayensu. Shugaban dogon mutum ne. Ya miƙa hannu ya taɓa na bara, ya kasa, ya yi ɗage, ya kasa. Ya juya ya hango turkena can ƙasa a bakin gurbi. Sannan ya ce mini, "Malam Muzammilu, ina waccan taswirar taka?" A bayan jirginka da ke kife aka shimfiɗa ta aka sa hannu.

Jiya na tumɓuke turken na kai shi inda ka taɓa nuna mini da gorar tuƙinka. Na so a ce kana nan ka yi mini dariya, Baba. Na yi kewarka ƙwarai.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Dela, da Lauwali da ƙannensa, da masuntan wannan hayi da na wancan. Allah Ya ba ku haƙurin rashi. Ya Allah Ka jiƙan bawanKa Ɗanmusa, Ka yafe kurakuransa, Ka haskaka kabarinsa. Duk tsuntsun da ya kwana a kurmin nan, duk gidan da ruwa ya ƙyale saboda shi, Ka sa a mizaninsa. Mu kuma Ka sa mu cika da imani, amin.

Inna Dela ta ba Lauwali gizagon. Bana idan ruwa ya cika, shi zai yi saran, ni zan riƙe masa jirgi.